Masitan Mai Kinkeliba

Masitan Taraore ta kafa murhunta a ƙofar gidan gurzar audugar da nake aiki a Kuciyala tun ina sabon ɗauka. Ni na tsufa a ciki ina ɗaure dila, ita ta tsufa a waje tana dafa ganye. Mijinta Zumana direban babbar mota ne, yana kwaso auduga daga ƙauyuka. Ya kwanta ciwo wata damina bai tashi ba, ya bar mata 'ya ɗaya da ɗaki a gidan yayansa. Ba ta zauna jiran dangin miji su ciyar da ita ba. Tana fita takaba ta ɗauko duwatsu ta jera a gindin dalbejiyar da ke kallon ƙofarmu.

Da farko ganyen kinkeliba kawai take dafawa da safe, a sha da burodi, kamar kowace mai shayi a garin. Amma duk wanda ya yi aikin gurza ya san yadda ake fitowa daga ciki. Maƙogwaro a bushe, ƙirji kamar an cusa masa tsumma, baki ba ya jin ɗanɗanon komai. Mutum zai zauna a bencinta da burodi a hannu ya kasa ci. Daga nan ta fara ƙara tukwane. Ta jiƙa tsamiya da citta, ta dafa zoɓo da na'ana'a, ta dama 'ya'yan kuka. Akwai ganyen gwaiba da lemun tsami, akwai sabara don masu tari. Idan damina ta sauka, mata suka fara shigo da ɗan itacen da ake kira zaban daga daji, sai ta fasa shi ta jiƙa, tsaminsa har cikin kunne.

Ba ta tambayar mutum abin da ke damunsa. Ta ce ma'aikaci ƙarya yake yi idan an tambaye shi jikinsa. Tana da ƙananan kofunan gilashi irin na shayi. Idan ka zauna tana ganin ba ka jin daɗi, sai ta ɗibo kaɗan-kaɗan daga tukwane, mai ɗaci da mai tsami da mai zaƙi. Kowanne sai ta fara kurɓa da kanta, sannan ta miƙa maka, ta tsaya tana kallonka. Wanda ka sha ka saki kafaɗa, shi za ta cika maka a babban kofi. Ko ka ce wani kake so ba ta saurarenka.

Ba ta taɓa cewa tana warkarwa ba. Mai zazzaɓi mai zafi ko mai tarin jini, da ludayi take korarsa ya tafi asibiti. Sauranmu, masu mura da ciwon kai da gajiyar da ba ta da suna, mu ne nata. Na sha zama a bencin nan jikina kamar an daka, in tashi ciwon yana nan amma ina iya komawa aiki.

Ni a zuri'a Jara ne, ita Taraore, mijinta ma Taraore. Tsakanin Jara da Taraore babu gaisuwar arziki, haka muka gada. Sai zagi da tsokana, kuma ba a fushi. Shi ya sa idan magana ta yi wa 'yan gida nauyi a baki, abokin wasa ake kira ya faɗe ta.

Da safe nakan ce, "Baiwata, wake nawa kika ci jiya? Tun daga kan kwana nake jin labari."

Takan ce, "Zauna, bawan ubana, kafin iska ta kwashe ka."

Wasan da na fi yi mata shi ne na mutuwa. Kullum sai na ce ta kusa tafiya in gaji tukwanen. Ita kuma ta ce Jara ba ya cin gado, shi ake gada tare da jaki. 'Yarta Korotumu a cikin wannan ta tashi. Idan ta dawo daga makaranta na gan ta daga nesa, sai in tare ta in ce uwarta ta mutu da hantsi, ta wuce gidana ta yi min wanke-wanke. Ita kuma ta jefe ni da ƙwallayen tsamiya. Ta girma, ta yi aure a Buwake, can ƙetaren iyaka, ta buɗe rumfar robobi da kwanuka a kasuwa. Takan zo da babbar salla, sauran shekara sai waya ranar Juma'a.

Farkon gurzar shekarar da ciwon ya fito, na lura Masitan tana kurɓa sannan ta juya ta tofar a bayan dalbejiya. Na ce ko guba take zuba mana ne. Ta ce da guba ce da ni za ta fara. Amma zane ya fara yi mata yawa a ƙugu, muryarta ta dushe. Ta ce hayaƙi ne. Nyele, ƙanwar mijinta da suke gida ɗaya, ita ta matsa har aka kai ta Sikaso, daga can aka tura su Bamako. Likita bai ɓoye ba. Ya gaya wa Baba Ciyemoko, yayan mijinta, cewa abin da ya tsiro a maƙogwaron ya wuce yanka. Ya ba su maganin rage zafi, ya ce a kai ta gida. Kafin motar ta iso Kuciyala maganar ta zama ciwon wuya ne, kuma da sauƙi.

Murhu ya mutu a gindin dalbejiya. Sai ma'aikata suka fara zuwa gida bayan an tashi, kowa da fulas a hannu. Babu wanda ya shirya hakan. Kowa ya sa matarsa ta dafa abin da Masitan ta taɓa zaɓar masa. Mai gadinmu ya kawo sabara, masu lodi suka kawo zoɓo, wani direba ya kawo citta mai zafi kamar zai tayar da mota. Suna yin yadda suka ga tana yi. Su zuba a ƙaramin kofi, su kurɓa, su miƙa mata, su tsaya suna kallonta.

Ta san abin da suke nema. Sai ta kurɓa, ta riƙe a baki, ta haɗiye da ƙyar, ta saki kafaɗa, ta ce da sauƙi. Mutum ya fita yana murna nasa ya karɓe ta, gobe ya dawo da fulas mafi girma. Ba a mayar da abin da mai dubiya ya kawo, ba a kuma ce masa bai yi amfani ba. Suna fita Nyele take kawo kwano, duk abin da ya shiga ya dawo, wani lokaci da jini. Ni ba na fita da sauran, shi ya sa na gani.

Abubuwan suka riƙa barinta ɗaya bayan ɗaya. Kinkeliba ta fara tafiya, ta ce ɗanɗanon ƙarfe take ji. Citta tana ƙona ta. Zoɓo yana kankare mata wuya. Kuka ta yi kauri, ba ta wucewa. Wata rana ta ce da za ta samu zaban, tana jin zai shiga. Rani ne tsakiya. Na zaga kasuwa duk da haka, rumfa-rumfa, mata suna yi min dariya suna cewa in dawo idan an yi shuka. Na koma hannu wofi. Abin da ya rage shi ne tsamiya, a jiƙa ta tsororo kamar ruwan wanke kwano.

Ban taɓa jiƙa komai ba a rayuwata, amma na sayi tsamiya na jiƙa da hannuna, na tace da sabon ƙyalle na kai mata. Na tarar da ita a kan tabarma a inuwar ɗaki, an jingina ta da bango. Na zuba, na kurɓa, na miƙa. Ta riƙe a baki, ta jujjuya shi a hankali, ta tofar a kwano. Ni ba ta saki mini kafaɗa ba.

Ta ce, "Da ƙafa ka jiƙa wannan?"

Na ce ai baiwa ba ta zaɓen abinci.

"Barin ta ka yi ta kwana a ruwa. Tsamiya ba ta kwana, Sungalo. Shekara nawa kana zaune a bencina, idonka yana kan burodi kawai."

Ta sake karɓa ta jiƙa leɓe. Ta aiki Nyele ɗebo ruwa, ta jira har ta fita. Sannan ta ce tana da magana da Korotumu, ba ta waya ba ce, kuma tana jin muryar tana rufewa. Baba Ciyemoko ya ce a bari tukuna a ga yadda Allah zai yi, hanya da nisa, kada a tayar da yarinya a banza. Nyele ba za ta tsallake maganar yayanta ba.

Ta ce, "Kai bakinka ba shi da murfi. Ka kira ta ka faɗa mata yadda yake. Ina so ta zo ina iya magana."

Na fita ƙofar gida na kira. Korotumu ta ɗauka cikin hayaniyar kasuwa. Na ce ni ne Sungalo.

"Wane Sungalo? Bawan gidanmu? Wa ya ba ka waya, ko sata ka yi?"

Na ce mata uwarta ba ta da lafiya, ciwon ba na tashi ba ne, ta kamo hanya. Ta yi dariya har tana tari. Na ji tana gaya wa maƙwabciyarta ga tsohon Jaran nan ya sake kashe mata uwa.

"Baba Sungalo, tun ina firamare kake binne matar nan. Har yanzu ba ka samu tukwanen ba?"

Na rantse mata da Allah. Ta ce Jara ya yi rantsuwa, yau za a yi ruwa da ƙanƙara. Na sake faɗa a hankali, na faɗi Sikaso, na faɗi Bamako. Dariyar ta ragu. Ta ce ta san an je asibiti, an ce mata ciwon wuya ne, in ba ta Gwaggo Nyele. Na shiga na miƙa. Baba Ciyemoko yana zaune a kujerarsa a tsakar gida yana jan carbi. Nyele ta dube shi, ta ce, "Da sauƙi, 'yata. Ga ta nan ma tana shan tsamiya." Ba ta yi ƙarya ba, kofin yana hannun Masitan. Sai Korotumu ta ce a ba ta uwarta.

Na tsaya ina kallon bakin Masitan. Na ji muryar yarinyar tana fitowa daga wayar, tana cewa Inna ya jiki. Masitan ta rufe ido, ta tattara abin da ya rage mata na murya, ta ce da sauƙi. Ta tambayi yara, ta sa albarka, ta miƙo min wayar, ta juya fuska bango.

Da aka watse na tambaye ta me ya sa. Ta ce, "Ka taɓa jin uwa ta ce wa 'yarta babu sauƙi? Ai shi ya sa na sa ka."

Na je wurin limamin unguwa, tunda shi ba abokin wasan kowa ba ne. Ya saurare ni, ya kira Korotumu a gabana. Ya yi gaisuwa mai tsawo, ya ce ana ta addu'a, jiki da sauƙi, amma in da hali a leƙo. Korotumu ta yi godiya, ta ce in Allah ya yarda da salla tana tafe. Salla kuwa da sauran watanni. Na ce masa ba haka na roƙe shi ya faɗa ba. Ya ce shi ba zai yanke wa mai rai hukunci da bakinsa ba. Ban ga laifinsa ba. Na sake kiranta da kaina washegari, ta ce liman da kansa ya ce da sauƙi, in nemi wani aikin.

Babu abin da ya rage sai in tafi. Amma lokacin gurza ne, injin ɗaure dila ba ya tsayawa don wani yana da mara lafiya, kuma Masitan ba matata ba ce, ba 'yar'uwata ba, babu sunan da zan kira ta da shi a ba ni hutu. Sai da na nemi wanda zai tsaya min, shi kuma sai da ya gama nasa makon. Kwanakin nan ina tashi daga aiki in wuce gidan. Masu fulas suna nan suna zuwa. Muryarta ta koma kamar zare, sai ka sunkuya kake ji. Ranar da zan tafi na ce mata na kama hanyar Buwake. Ta ce in bi a hankali kada a kama ni a kan iyaka a ce jakin wani ne ya ɓata. Maganar ƙarshe ke nan da na ji daga bakinta.

Na bi ta Sikaso, muka tsallaka iyaka, mota ta lalace mana a hanya muka yi zaman jiran gyara. Na isa Buwake da rana tsaka, na yi ta tambaya har aka nuna min layin masu robobi. Korotumu ta hango ni tun daga nesa. Ta miƙe tana tafa hannu, tana ce wa maƙwabtanta su ɓoye wakensu ga Jara ya shigo gari, wa ya kwance shi.

Na ƙarasa na tsaya a gaban rumfar. Na ce, "Taraore, barka da rana." Na tambayi maigidanta. Na tambayi yara, kowanne da sunansa. Na tambayi kasuwa, na tambayi gajiya. Na yi mata gaisuwar da ake yi wa mutumin kirki, wadda ban taɓa yi wa wani Taraore ba tun da aka haife ni.

Ta daina tafa hannu. Ta sake jefo min zagi, ƙarami, tana kallon fuskata ko zan rama.

Na ce, "Na gode, Taraore."

Sai ta zauna a ƙasa a tsakiyar robobinta. Ba ta yi kuka ba. Ta ce wa maƙwabciyarta ta rufe mata rumfa, ta aika a kira maigidanta. Motar farko da ta tashi da safe muna ciki.

Mota ta miƙa hanya. Ta tambaye ni ko uwar tana ci, na ce a'a. Ko tana sha, na ce tana jiƙa baki. Ta tambayi me da me, na lissafa mata abin da ya bar ta da abin da ya rage. A wata tasha ta sauka ta sayi abarba da lemu cike da leda, ta ce za ta dafa ɓawon abarbar, yana da laushi a wuya. Na riƙe mata ledar.

Mun isa Kuciyala da la'asar. Babu tabarmin makoki a ƙofar gida, na ji ta sauke numfashi. Nyele ta tare mu a zaure. Korotumu ta ce ya jikin, Nyele ta ce da sauƙi, sannan ta toshe baki da mayafi ta fashe da kuka. Muryar Masitan ta rufe tun washegarin tafiyata.

Masitan tana kwance idonta biyu. Ta gane 'yarta. Ta kama wuyan rigarta ta jawo kunnenta har bakinta. Leɓɓanta suna motsi, ba abin da ke fita sai iska. Ta huta, ta sake. Korotumu tana cewa ina ji, Inna, ina ji, alhali ba ta jin komai. Masitan ba ta yi makaranta ba, balle a ba ta alƙalami. Ta koma yi da hannu. Ta nuna ƙirjinta, ta nuna ƙofa, ta buɗe tafin hannu ta rufe. Nyele ta ce gafara take nema. Baba Ciyemoko ya ce maganar ɗakin ce. Duk wanda ya faɗi nasa sai ta girgiza kai. Daga baya ta gaji ta bar hannun ya faɗi.

Korotumu ta dafa ɓawon abarbar, ta tace, ta bar shi ya huce. Ko cokali bai wuce ba. Ta matse lemu a ruwan ɗumi, tana tsoma yatsa tana shafa mata a leɓe. Wannan Masitan takan lasa. Haka suka yi kwanakin da suka rage, 'yar tana zaune da kofi a cinya, uwar tana kallonta. Na hana masu fulas shiga. Na tsaya a zaure ina karɓa ina ajiyewa a gefe, ina ce musu ba ta sha. Wasu sun ji haushina. Ta rasu wata safiya ina wurin aiki, aka aiko aka faɗa min, na wanke hannu na tafi jana'iza.

Bayan sadakar bakwai Korotumu ta same ni a ƙofar gidan gurza. Ta ce in faɗa mata duk abin da uwarta ta ce ranar da ta sa ni kira. Na faɗa mata, har da maganar tsamiyar da ta kwana. Ta ce ba ta ɗan nuna ko a kan mene ne ba, ko kuɗi, ko dangi, ko wani abu game da mahaifinta? Na ce ba ta nuna ba, ni kuma ban tambaya ba, tunda ba tawa ba ce.

Ta koma Buwake. Takan kira ni wani lokaci, ta gaishe ni da ladabi, ta tambayi aiki da ƙafata da ke ciwo. Sannan ta ce ko na tuna wani abu. Nakan ce a'a. Sai in riƙa jin hayaniyar kasuwarsu, har ta ce to Baba, sai an jima.